Yaƙin Sararin Samaniya da Mas'alar Wanda Zai Adana Shi

A ƙarshen watan Oktoba na 2024, ofishin da ke kula da haƙƙin mallakar ayyukan fasaha a ƙasar Amurka ya yanke wani hukunci wanda, da an auna shi da ma'aunin da ya dace, da ba a bar zancensa a bakin masu sha'awar wasannin kwamfuta kaɗai ba. Ɗakunan karatu da ma'ajiyoyin tarihi, bisa jagorancin ƙungiyoyi biyu, Software Preservation Network da Video Game History Foundation, sun nemi a yi musu izini su riƙa bai wa manazarta damar duba tsofaffin wasannin bidiyo daga nesa, ta intanet, kamar yadda ake yi da sauran kayan nazari. Ofishin ya ƙi, bayan ƙungiyar manyan kamfanonin wasanni ta tsaya kai da fata a kan kada a yarda, kuma daga cikin hujjojin da aka kafa har da tsoron kada mutane su fake da sunan bincike su riƙa wasa don nishaɗi. Waɗanda labarin ya iske sun kasu gida biyu, kuma duka biyun sun kauce wa haƙiƙar al'amarin. Na farko sun ɗauka an haramta tsofaffin wasanni ne, alhali ba a haramta kome ba: ɗakin karatu yana da ikon ajiye wasan, illa iyaka wanda ke son nazarinsa sai ya niƙi gari ya taka har inda aka ajiye shi, ko da kuwa akwai teku tsakaninsu. Na biyu, waɗanda suka fi yawa, kuma maganarsu ta fi tsaya mini a rai, ko oho suka yi, suka ce ai wasan yara ne, in ya ɓace me aka rasa?

Kafin a amsa, ya kamata a san girman abin da ake magana a kai. A watan Yuli na 2023 waɗannan ƙungiyoyi sun fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa, daga cikin wasannin da aka taɓa sayarwa a Amurka kafin 2010, kashi 13 cikin ɗari ne kacal ake iya samu a kasuwa. Sauran kashi 87 ba a buga su, ba a sayar da su. Idan kuwa aka koma ga na kafin 1985, wato zamanin da wannan maƙala ta shafa, abin da ya rage a kasuwa bai kai kashi 3 ba.

Irin wasan da nake nufi ba baƙo ba ne ga mai karatu, don haka ba zan ɓata tawada wajen siffanta shi ba. Duk wanda ya riƙe wayar Nokia 3310 ya buɗe Space Impact ya san shi: ɗan kumbo a gefen allo, abokan gaba suna kwararowa daga sararin samaniya, kai kuwa ba ka da aiki sai kaucewa da harbi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wannan ɗan wasa yana da silsila, kamar yadda kowane fanni yake da tasa, kuma idan aka bi ta daki-daki sai ta tuƙe a wani ɗaki na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, a shekarar 1961.

A wannan shekara kamfanin DEC ya ba cibiyar kyautar wata kwamfuta mai suna PDP-1, wadda kuɗinta a lokacin ya kai dala 120,000. Abin da ya fifita ta a kan manyan injunan zamaninta shi ne tana da allo mai da'ira, kuma mutum yana iya zama a gabanta ya ba ta umarni ta amsa nan take, maimakon ya miƙa katunansa ga ma'aikaci ya koma gida ya jira. Wasu samari uku, Steve Russell da Martin Graetz da Wayne Wiitanen, waɗanda suka ƙoshi da karatun ƙagaggun labaran E. E. Smith na yaƙe-yaƙe tsakanin taurari, suka zauna shawarar abin da zai fi bayyana iyawar wannan na'ura, shawara ta tsaya a kan kumbo biyu masu harbin juna. Russell, wanda aka ɗora wa nauyin rubutawa, ya yi ta jan ƙafa, yana kawo uzurin cewa ba shi da ƙa'idojin hisabin kusurwa da ake buƙata don juya kumbon. Sai abokinsa Alan Kotok ya tashi takanas ya tafi kamfanin DEC ya karɓo masa su, uzuri ya ƙare. Zuwa watan Fabrairu na 1962 wasan ya tsaya da ƙafarsa, aka raɗa masa suna Spacewar!

Ya dace mu ɗan tsaya a gaban wannan allo, domin a nan ne hujjar masu cewa wasan yara ne take fara rushewa. Kumbo biyu ne, ɗaya siriri, ɗaya mai faɗin gindi, kowanne da ƙayyadadden mai da ƙayyadaddun makamai. Idan ka kunna wa kumbonka wuta ya tafi, to ba zai tsaya ba ko ka kashe wutar, domin babu iska a sararin samaniya da za ta tare shi. In kana son rage gudu, sai ka juya masa kai ya fuskanci inda ya fito, ka sake kunna wuta. A tsakiyar allon kuma akwai tauraro, wanda Dan Edwards ya ba shi ƙarfin fizga, yana jawo kumbon gare shi a kowane lokaci: wanda ya yi sakaci ya faɗa cikinsa ya halaka, gwani kuwa yakan kusance shi da gangan, ya bari fizgar ta wurga shi ta kewaye, ya ɓullo wa abokin karawarsa ta inda bai zata ba. Ka ga ke nan ƙa'idojin motsi waɗanda Isaac Newton ya tsara tun ƙarni na 17, waɗanda ɗalibi yake haddacewa a aji ba tare da ya taɓa jin ɗanɗanonsu ba, su ne nan suka koma abin da yatsu ke ji. Graetz ya ƙara wata dabara ta neman tsira, inda kumbon da aka rutsa da shi yake ɓacewa ya sake bayyana a wani wuri da ba shi ya zaɓa ba. Shi kuwa Peter Samson bai ji daɗin ɗige-ɗigen da aka watsa a bayan allon da sunan taurari ba, sabili da ba su dace da abin da ke sama ba. Sai ya ɗauki littafin falaki na masu tuƙin jiragen ruwa, ya shigar da taurarin gaskiya da ke tsakanin daraja 22 da rabi arewa da daraja 22 da rabi kudu, kowanne a muhallinsa, da gwargwadon haskensa. Wannan yanki na sama shi ne wanda yake ratsawa ta bisa kanmu a Kano da Damagaram, kuma a cikinsa akwai Dabaran, wanda malamanmu na hisabi suke lissafawa cikin manzilolin wata, da Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi. Daga bisani Kotok da Bob Saunders, ganin yadda maɓallan jikin na'urar suke wahalar da masu wasa, suka harhaɗa ƙananan akwatunan riƙewa a hannu, waɗanda ake lissafa su cikin kakannin abin da yaranmu ke riƙewa yau a gidajen gem.

To, wa ya mallaki wannan aiki? Babu kowa, kuma wannan shi ne ɓangaren tarihin da aka fi gafala da shi. Russell da abokansa ba su nemi haƙƙin mallaka ba, ba su kuma sayar ba. Na'urar da ke iya ɗaukar wasan ba ta wuce hamsin da 'yan kai ba a duniya duka, saboda haka babu kasuwar da za a yi kwaɗayinta. Manhajar tana rubuce ne a kan dogon zaren takarda mai huda-huda, duk wanda ya so sai ya kwafa ya tafi da ita jami'arsa, ya gyara abin da ya ga dama, ya ƙara abin da ya ga ya rage, wani kuma ya kwafa daga gare shi ya mayar da ita ga wata na'urar dabam. Wanda ya san yadda littattafan malamanmu suka iso gare mu ba zai rasa gane wannan hanya ba: malami ya wallafa matani, almajiri ya kwafa da hannunsa ya tafi da shi garinsu, wani ya yi masa sharhi, wani ya ɗora hashiya a gefe, har ya zamana littafin da aka yawaita kwafarsa shi ne ya tsallake gobara da yaƙi, wanda aka kulle a adaka guda kuwa don tsananin ƙauna, gara ta gama da shi. Haka Spacewar! ya rayu. A watan Oktoba na 1972 har gasa aka yi masa a jami'ar Stanford, wadda mujallar Rolling Stone ta ba da labarinta. Yau, bayan shekara sittin da ɗoriya, rubutun manhajarsa yana nan, kowa yana iya karantawa layi-layi, kuma a gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View a jihar Kaliforniya akwai PDP-1 guda da aka farfaɗo da ita, da sa hannun Russell da Samson su kansu, ana kunna wasan a kanta maziyarta suna gani. Wasan da ya fi sauran tsufa ya fi dubban waɗanda suka biyo bayansa samun kyakkyawar ajiya, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne.

Daga nan kasuwa ta shigo, kuma ba na cikin masu zarginta da shigowa, domin ciniki halal ne, kuma ba don shi ba da wannan fasaha ta tsaya a tsakanin 'yan jami'a kaɗai. A 1971 Nolan Bushnell da Ted Dabney suka sarrafa tunanin Spacewar! ya zama Computer Space, akwati mai allo wanda ake jefa wa sulalla ya kunnu. Bai karɓu sosai ba, domin ya yi wa masu zaman mashaya wuyar sarrafawa, amma mutanen nan biyu su ne suka kafa Atari a shekarar da ta biyo. Ambaliyar gaske ta zo ne daga Japan a 1978, lokacin da kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, aikin injiniya guda, Tomohiro Nishikado, wanda ya shafe kusan shekara yana tsara wasan, yana kuma ƙera kayan cikin na'urar da hannunsa, saboda waɗanda ke akwai ba su isa ba.

Abu biyu game da wannan aiki sun cancanci a kiyaye su. Na farko, Nishikado ya gwada abokan gaba iri-iri, har da surar sojoji, amma aka ga bai dace a sa mutane su riƙa harbin surar ɗan Adam don nishaɗi ba. Sai ya koma ga baƙin halittu daga wata duniya, ya zana su da kamannin ƙaguwa da wasu dabbobin teku masu yawan hannaye, bisa abin da ya tsinta daga labarin H. G. Wells na mahara daga duniyar Mars. Ashe shigar wannan fanni cikin sararin samaniya akwai kunya da kamun kai a cikin dalilansa, abin da masu ƙera wasannin zubar da jini na yau ya kamata a tuna musu. Na biyu, maharan guda 55 ne, sahu biyar, goma sha ɗaya a kowane sahu, suna tafiya gefe zuwa gefe suna saukowa taki-taki, da wani amo mai sauti huɗu yana bin sawunsu. Ƙwaƙwalwar na'urar, Intel 8080, ba ta da ƙarfin motsa su duka da sauri, saboda haka da farko a hankali suke tafiya. Amma duk wanda ka harbe ka rage mata kaya, sai ragowar su ƙara gudu, amon ya ƙara bugawa, har na ƙarshe ya riƙa tsere a kan allo. Nishikado ya lura da wannan, ya bar shi yadda yake, gazawar na'ura ta zama ruhin wasan. Wannan abu ba a fahimtarsa daga hoto ko daga bayani irin nawa; sai an kunna shi an ji yadda zuciya take bin amon. Wanda ya ce manazarci ya wadatu da kallo, kada ya taɓa, bai san abin da ake nazari ba.

Sauran sun biyo a guje: Galaxian na Namco a 1979 da launukansa, Asteroids na Atari a wannan shekarar, Defender da Galaga a 1981. Har majalisar dokokin Birtaniya sai da zancen ya kai, inda a 1981 ɗan majalisa George Foulkes ya gabatar da ƙudurin taƙaita waɗannan akwatuna saboda abin da ya ce suna yi wa yara, aka kayar da shi da ƙuri'a 114 a kan 94. Amma wanda zan ɗaga a gaban masu tambayar me aka rasa shi ne Missile Command na 1980. Dave Theurer ya tsara shi ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet: birane shida a ƙasan allo, makamai masu linzami suna zubowa daga sama, aikinka kawai ka tare su kafin su iso. Ba a ba ka ikon kai hari ga kowa ba, kuma babu nasara a ƙarshe, domin makaman ƙaruwa suke yi har sai biranen sun ƙare. Theurer da bakinsa ya faɗi cewa ya daɗe yana mafarkin yaƙin nukiliya saboda wannan aiki. Masanin tarihin da ke son sanin irin fargabar da mutanen wancan zamani suka kwana da ita, ba a jawaban shugabanni kaɗai zai same ta ba. Tana nan a cikin wannan akwati da matasa suka yi ta jefa wa kuɗinsu suna sane da cewa ba za su ci ba.

A gidaje kuma labarin ya fi yalwa, asarar ma ta fi yawa. Shigar Space Invaders cikin na'urar gida ta Atari a 1980 ta ninka cinikinta har sau huɗu. Doug Neubauer ya cusa yaƙin taurari sukutum, da taswirarsa da lissafin mansa, cikin kaset mai kilobait 8 ya kira shi Star Raiders. A Ingila, ɗalibai biyu na jami'ar Cambridge, David Braben da Ian Bell, sun fitar da Elite a 1984 a kan kwamfutar BBC Micro mai kilobait 32, suka samar da duniyoyi 2,048, ba ta hanyar ajiye su ba, domin babu wurin ajiyewa, sai ta wata dabara ta hisabi da ke haifar da kowace duniya daga 'yan lambobi kaɗan a duk lokacin da aka buƙace ta. Waɗannan shahararru ne, ba a jin tsoron ɓacewarsu. Abin tsoro yana ga dubban da matasa suka rubuta a ɗakunan kwanansu don kwamfutocin gida ZX Spectrum da Commodore 64, aka naɗe su a kan kaset irin wanda muka saba sauraron waƙa da wa'azi da shi, ƙananan kamfanoni suka sayar, kamfanonin suka mutu, har ya zamana da yawansu babu wanda ya san magajinsu. Binciken da na ambata ya gano cewa daga wasannin Commodore 64, kashi 4 da rabi cikin ɗari ne kawai suka rage a kasuwa.

Nan ne shari'ar ta ɗaure kanta. A dokar Amurka, aikin da kamfani ya fitar yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka har shekara 95, wato wasan 1980 ba zai zama na kowa da kowa ba sai bayan 2075, alhali zaren kaset da faifan maganaɗisu ba a yi su don su kai wannan lokaci ba. Mai haƙƙin ba ya sayarwa, domin babu riba. Ba ya adanawa, domin babu wanda ya wajabta masa. Kuma idan ɗakin karatu ya ce zai ɗauki nauyin isar da shi ga masu bincike, sai a ce ana tsoron kada su ji daɗinsa. Ban taɓa jin an hana ɗakin karatu ba da aron littafin labari don gudun kada mai karatu ya ji daɗin labarin ba. Haƙƙin mai aiki abin girmamawa ne, kuma wanda ya kwashi Galaga, da har gobe ake sayar da shi, ya raba kyauta, ya ci haƙƙin wani. Amma riƙe abin da ba ka amfana da shi, ba ka bari a amfana, har ya lalace a hannunka, wannan ba kare haƙƙi ba ne, tozarta amana ce. Abin takaicin shi ne mafi yawan abin da ya tsira daga akwatunan wancan zamani ya tsira ne ta hannun 'yan sa kai, irin waɗanda suka taru a kan manhajar MAME, wadda wani Ba'italiye, Nicola Salmoria, ya fara a 1997 don kwaikwayon tsofaffin na'urori, mutanen da doka take yi wa kallon tuhuma. Amurkawa kuwa sun riga sun ɗanɗana wannan asara sau ɗaya: rahoton babban ɗakin karatu na majalisarsu na 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinansu na zamanin da babu sauti sun salwanta gaba ɗaya, domin a lokacin su ma kallon abin shagala aka yi musu. Dokar tana ba da damar sake gabatar da irin buƙatar da ɗakunan karatun suka kai a 2024 duk bayan shekara uku, ke nan sai 2027.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar Turawa ce. Ɗalibin ilmin kwamfuta a Zariya ko Yamai, wanda zai ƙaru ƙwarai da ganin yadda aka gina duniya cikin kilobait 32, yana cikin waɗanda hukuncin ya rufe wa ƙofa kafin kowa, domin shi ne ba zai iya takawa zuwa ɗakin karatu a Amurka ba. Sa'an nan kuma cutar da ke cin kayansu ita ce ke cin namu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan ya yi sa'a. Ina finafinan Hausa na kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, waɗanda aka naɗa aka sayar aka manta? Wa ya ƙidaya su, wa ya san inda uwar kaset ɗin kowannensu take? Jami'o'inmu da hukumomin al'adu na jihohi ba su da uzurin jiran wani ya zo daga waje. Aikin bai wuce ɗaki guda, da kwamfuta, da na'urar kunna kaset mai lafiya, da ma'aikaci mai haƙuri, da yarjejeniya a rubuce da masu finafinan ba. Sai dai a gaggauta neman na'urar tun ana samunta a hannun masu gyara, domin Funai na Japan, kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyo mai kaset, ya daina ƙera ta tun watan Yuli na 2016.